Murjanin da Ke Gefen Fure

Zuwa ga yayata Hajiya Hamdiya, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da Alhaji Rabo da yara, Ya kuma sa ciwon gwiwar nan ya sake ki. Mu nan Dakoro muna nan da godiyar Allah. An yanke hatsi, gonar Sabon Maci ta ba da abin da ta ba da, wake ne dai tsutsa ta taɓa. Nana na ajin ƙarshe a lakwal, za ta rubuta jarrabawar bak in Allah Ya yarda. Sau uku ina gwada yi miki saƙon murya a salula, kowanne sai muryata ta ƙi ni a tsakiya in goge, shi ya sa na sayi takarda. Rubutuna kin san shi, aji shida na tsaya, ki yi haƙuri da karkatarsa.

Yaya, wata ranar Talata cikin Agusta na je gidan likita awon tansiyo, wato hawan jini. Ina zaune kan banci ina jiran layi, idona ya faɗa kan kalanda a bango, irin mai babban hoto a sama, kwanaki a ƙasa. Hoton wani ɗan fure ne fari mai ratsin shuni, ya fito daga tsagar baƙin dutse, raɓa na kansa. Na tashi na matsa kusa. Can ƙasa wajen kusurwa, inda hoton ya ƙare, sai na ga rabin wani jan abu a jikin dutsen. An datse hoton ta wurin, amma rabin da ya rage har da ɗan ɓallin nan na gefe. Murjanina ne, na sarƙar da kika ɗaura mini a wuya ranar da aka kawo ni gidanku. Na sa yatsa ina bin ƙananan baƙaƙen da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ina jiran in ga sunan ƙanenki Baban Nana, har zuciyata ta fara sanyi cewa wani ya tuna da shi bayan rasuwarsa. Sunan autanku Yazidu na karanta. Na koma farko na sake bi, ko idona ne. Aka kira ni ciki, mai awon ta ɗaura mini abin a hannu, ta dube ni ta tambaye ni ko da gudu na zo.

Ke kin daɗe a can. Kin san Baban Nana da ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa da na biki a shagonsa na bakin tasha, amma ɗaya aikin nasa ba ki gan shi da idonki ba, bari in faɗa miki yadda yake. Akwai wani Rhissa, mutumin Abzin mai kawo raƙuma kasuwarmu. Ya zo ɗaukar hoton kati, hira ta kai su ga duwatsun Bagzam, ya ce masa in ruwa ya sauka a can sama akwai kwaruruka masu itatuwa, inuwa har rana ba ta taɓa ƙasa, furanni su fito kwana kaɗan su ɓace. Daminar farko Baban Nana ya bi shi don ganin ido kawai. Tun daga nan shekara goma bai fasa ba, da an gama maimai sai ya rufe shago mako uku ya tafi. Mutane suka yi ta masa dariya, Yazidu ya fi kowa, yana cewa Yaya ya tafi ɗaukar wa awaki hoton abincinsu. Wasu furannin ba su kai ƙwayar dawa ba, in an wanke hoton sai su zama kamar faifai, ya rasa yadda zai nuna girmansu na gaskiya. A cikin haka sarƙar ta tsinke mini a bakin murhu. Ina tsintar ƙwayoyin ya ɗauki ɗaya mai ɓalli ya ce wannan ta zama ma'auninsa. Daga ranar babu furen da ya ɗauka bai ajiye ta a gefe ba. Yakan ce mini tunda na ƙi hawan dutse, ga ni nan a kowane hoto, ko ina so ko ba na so.

Ba a gari suke sauka ba, ba kuma wani masauki a can. Inda mota ta gaji su ɗora kaya a jaki su hau, duk inda yamma ta same su nan ne gida. Ni ke haɗa guzuri: ƙuli-ƙuli, garin rogo, busasshen nama, shayi da sukari, tabarma, bargo, da ɗan tantin da tela ya ɗinka masa da tamfol. Ya faɗa mini dokokinsu har na haddace kamar na je. Ba a shimfiɗa a tsakiyar kwari ko da rairayinsa ya fi laushi, don ruwa na iya sauka can nesa ya zo wa mutum ba sallama. Ba a sauka kusa da ruwan sha, kada a hana dabbobi zuwa. Ba a saran ɗanyen itace, ba a kwana biyu wuri ɗaya, in za a tashi a binne toka a share wurin, har wanda ya zo baya ba zai san an zauna ba. Da sassafe yake aikinsa kafin iska ta motsa, rub da ciki a ƙasa, yana riƙe numfashi, wani lokaci sa'a guda a kan fure ɗaya. Bai taɓa tsinko ko ɗaya ba. Na taɓa ce masa ya kawo mini a aljihu in shaƙa, ya ce wanda aka tsinka ba ya haihuwa. Wandunansa duka gwiwa a yage suke dawowa, ni ke faci ina mita.

Mahaifiyar Rhissa tsohuwa ce mai kiwon awaki, ita ta koya wa Baban Nana sunayen furannin, da wanda ke magani da wanda ke kashe akuya. Akwai kwari ɗaya da suke ɓoyewa, don nan ne ciyawa ke saura shekarar da ko'ina ya ƙone, nan ne kuma furen suka fi yawa. Sai a shekara ta huɗu ta yarda ta kai shi, bayan ya yi mata alkawari a gaban ɗanta cewa hoto zai iya nuna wa kowa, amma sunan wurin da hanyarsa ba za su fita daga bakinsa ba. Ya rubuta su a littafinsa mai baƙin bango don kada ya ɓata in ya koma. Ni kaina bai taɓa karanta mini shafin ba, ya dai ce mini ya rubuta amana a samansa da manyan baƙaƙe.

Bara ya dawo da murna irin wadda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Tun bai sauke jaka ba ya ce mini ya same shi, furen da tsohuwar ke ba shi labari shekara shida, mai buɗewa safiya ɗaya bayan ruwa mai ƙarfi, kafin azahar ya rufe. Na ce ya nuna mini. Ya ce a'a, ba a ɗan gilashin kamara ba, sai ya wanke shi babba. Ko ruwa bai sha ba ya nemo ƙusa ya kafa a bangon ɗakina, ya ce nan zai rataya mini shi. Kashegari zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana goma sha ɗaya, sauran kin sani.

Ranar sadakar bakwai Yazidu ya shigo ɗakin da nake zaune, ya durƙusa yana kuka. Kin san matsayinsa a wurina. Yana da shekara tara Inna ta rasu, aka kawo mini shi ina amarya. Ni na yi jinyar ƙyandarsa, ni ke cire masa ƙaya a ƙafa, ni na raka shi tasha ranar da ya tafi karatu Yamai. Ya ce damina ba ta gama ba, shago a rufe, gara da danshi za su lalata kayan Yaya, in ba shi jakar kamara ya adana a Maradi har in fita takaba. Na ce madalla, Allah Ya yi masa albarka. Ga abin da ke cina, Yaya: littafin bai tambaye shi ba. Yana ƙarƙashin matashina. Ni na ciro shi na sa a jakar da hannuna, na ce ya haɗa da wannan, shi na fi ji wa tsoron gara. Da aka zo rabon gado ya maido kamara, malam ya tambaya ko akwai sauran abin da mamaci ya bari, na ce babu. Ƙananan katunan nan da hotuna ke zama ciki ko a raina ba su zo ba, abu bai kai farce ba. Bayan na fita takaba na tambayi littafin sau biyu, ya ce ya manta, in zai zo zai taho da shi.

To a gidan likitan, da aka gama awo na roƙi matar ta bar ni in buɗe sauran shafukan. Goma sha biyu ne. Takwas na san su kamar yadda na san fuskar ƴata. Ga furen bagaruwa da ƙudan zuma a kansa, ga albasar kwaɗi da ya ɗauka shekarar da Nana ta karye a hannu. Huɗu ban taɓa gani ba, har da na Agustan, na tafiyarsa ta ƙarshe ne. A kowanne an datse gefen da murjanin yake, shi ya sa duk suka karkace, fure a kusurwa, abin da shi ba ya yi. Na Agusta ne kaɗai ƙwayar ta matsu da kara, in za a cire ta duka sai an cire furen. Wato zama aka yi aka duba, aka yanke ni ɗaya bayan ɗaya. Ƙarƙashin kowane hoto ga sunan wuri, a shafin baya kuma ga ɗan zanen hanya har zuwa kwarin. Wata furoje ce ta Maradi, ƙungiyar ayyukan raya ƙasa inda Yazidu ke aiki, ta buga. A hanyar gida na tsaya gindin dogon yaro, don na tuna kalanda tun farkon shekara ake rataya ta. Ke nan lokacin da yake yankan hotunan ina zaune a ɗaka, ban cika wata uku da takaba ba, yana kirana kowace Juma'a yana tambayata yaya haƙuri.

Kwana biyu na kasa kiransa. Da na kira ban yi faɗa ba, na ce masa kawai na ga murjanina a bango. Sannan ya fara. Ya ce dama yana shirin faɗa mini. Ya ce mutanen furojen rayayye suke nema, mai takardu wanda zai sa hannu, mamaci ba ya sa hannu. Ya ce ai sunan uba ɗaya ne a ƙarshe, duk gida ne. Ya ce da ya bar su da sun ruɓe a kati ba wanda ya gani, yanzu ga su har ofisoshin Yamai, Yaya da kansa zai yi murna. Na tambaye shi sunan furen Agusta, tunda shi ya ɗauka. Ya ce zai duba. Na tambaye shi me murjanin ya yi masa, ya ce masu bugawa ne suka ce yana ɓata hoto. Na ce to kwarin fa, bai ga abin da aka rubuta a saman shafin ba? Ya ce ya gani, amma a wannan zamani ba a ɓoye wuri, baƙi in sun je ai mutanen can ne za su amfana. Da murya mai laushi yake maganar, yana kirana Tanti yadda ya saba, yana cewa ki gane, kamar lokacin da yake ƙarami in ya sha mini nono a ƙwarya ya ce kyanwa ce. Bayan mako ɗaya ya aiko mini da turmin atamfa da kalanda biyu ta hannun direba. Suna nan a zaure inda aka ajiye su.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na haɗiye na bar shi da Allah. Amma makon jiya Rhissa ya zo kasuwa ya biyo gidan. Kullum da cuku da dabino yake zuwa, ya zauna a zaure ya sha shayi kofi uku yana tsokanar Nana, ita kuma tana kwaikwayon Hausarsa. Wannan karon cukun ya kawo, amma bai cire takalmi ba, shayin ya huce a gabansa. Ya ce cikin daminar nan motoci biyu sun zo gindin dutse, wasu baƙi da masu yi musu jagora daga wani gari, riƙe da shafin kalanda. Sun hau har kwarin. Sun kafa tanti shida a kan filin da furen ke fita don nan ya fi laushi, sun kwana huɗu, sun sare ɗanyar itaciya wadda ta girmi mahaifiyarsa, sun yi wanki da sabulu a ruwan da awaki ke sha, sun bar gwangwanaye da leda. Sawun da suka bari kuma wasu masu garke sun bi shi, ciyawar da ake ajiya don baƙar shekara an cinye ta a shekarar ƙoshi. Tsohuwa ta je ta gani, ta zauna a kan dutse, ta ce ita ta kai shi da ƙafarta, ita ta kira shi ɗa. Ta hana a ambaci sunansa a gabanta. Sunan ƙanenki, Yaya, ba na Yazidu ba. Ita ba ta san wani Yazidu ba, mutum ɗaya ta nuna wa hanya.

Rhissa ya ce abu ɗaya ya zo tambaya, shin abokinsa ne ya ba da kafin ya rasu, ko bayansa aka yi. Na ba shi labari duka, har da littafin da na miƙa da hannuna, ban rage ba. Ya ce shi ya yarda, dama zuciyarsa ba ta taɓa karɓa ba. Amma tsohuwa ba za ta ji daga bakinsa ba, don ta san zai rufa wa abokinsa asiri ko a kabari. Sai wanda ya yi ya je ya faɗa da bakinsa, ko wani daga gidan. Ya ƙara da cewa ta tsufa ƙwarai, bana da ƙyar ta sauko daga dutsen, bai sani ba ko za ta ga wata damina. Da zai tafi na so in buɗe kalandar nan ta zaure in nuna masa na Agusta, ya faɗa mini ko shi ne furen da aka kafa wa ƙusa. Na fasa. Ba na so a ce mini shi ne, ga sunan wani a ƙarƙashinsa.

Ke ce babba yanzu, ba uwa ba uba. Ni in na yi magana sai Yazidu ya ce ɓacin rai ne na mai rashi, ke kuwa yana shakkarki tun yana ƙarami. Ba na so a tozarta shi, ba na so ya rasa aikinsa. Har yau in na yi dambun zogale sai in tuna shi ke suɗe tukunya. Ki ce masa ya maido littafin da katunan, da murjanin da ke aljihun jakar. Na Nana ne, tun tana rarrafe take shagon babanta, ta iya riƙe kamara fiye da Yazidu. Ya je wurin mutanen furojensa ya faɗa musu gaskiya, don na ji za su sake bugawa ta baɗi, a cire hanya da sunan wuri, a bar hoto yadda mai shi ya ɗauka. Sannan ya bi Rhissa ya hau dutsen nan da ƙafarsa, ya durƙusa gaban tsohuwa kamar yadda ya durƙusa gabana ranar bakwai. In ya ƙi ni zan je, da tansiyon da komai, na riga na faɗa wa Rhissa ya nema mini jaki mai haƙuri. Amma ba ni na yanke hoton ba, kuma tsohuwa za ta tambaya ina wanda ya yanke.

Shekara goma sha tara ina gidan Baban Nana ban taɓa kiran sunansa ba, ko a bayan idonsa. Ke kanki kin sha tsokanata a kan haka, kina cewa in an tambaye ni a hanya wa ke aurena sai dai in nuna da baki. Jiya na zauna na yi ta gwada rubuta shi a bayan takardar magani, don in tabbata na iya, in an tambaye ni abin da za a sa a ƙarƙashin hoto. Ga shi nan: Abarci. Ki yafe mini rashin kunya, Allah Ya jiƙansa Ya haskaka makwancinsa.

Ki gaishe mini da Alhaji Rabo, ki yi masa godiyar ta'aziyyar da ya aiko. Ki gaida Aisata da jaririnta, Allah Ya raya, da Abdurrazak, ki ce masa Nana na tambayar littafin lissafin da ya yi mata alkawari. Goggo Habi ta Mai Yara tana gaishe ki, idonta ya yi sauƙi. Malam Saminu mai kai raguna ne zai kawo miki takardar nan, tare da ƙullin busasshen zogale da kuka, ki duba ƙasan ledar akwai daddawa.

Ni ce ƙanwarki, Lailatu, daga Dakoro.

Har yau da nake naɗe takardar nan littafin yana Maradi, tsohuwa ba ta ji gaskiya ba, sunansa ba ya ƙarƙashin ko hoto ɗaya. Ƙusar tana nan a bango, ba a rataya mata komai ba.